Wurin Numfashi a Taken Thady

Manchester, Oktoba 1983

Zuwa ga Kaka Malachy Guckian,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Kaka Philomena da duk mutanen Cornabrack. Mu ma nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Na san kana ta juya ambulan ɗin nan kana cewa wace ce kuma wannan. Ni ce Dervla 'yar Colm, jikar Hughie, ɗan ƙanen babanka da ya tsallako Ingila tun yana saurayi. Ka taɓa ganina ranar jana'izar Kaka Hughie. Ni ce yarinyar da ta kifar maka da shayi a wando, ka ce ba komai alhali kana ta tsalle.

Ga abin da ya sa na dame ka. Kaka Hughie yana da wani take da yake yi da fito duk safiya in yana aske gemu. Yakan ce taken Thady ne, wato babanka. Amma rabin farko kawai ya riƙe. In ya zo inda taken zai hau sama sai ya tsaya, ya ɗauraye aska, ya ce, "Sauran yana wurin Malachy." Haka na tashi da rabin take a kaina, yana damuna kamar tsakuwa a takalmi.

Yanzu busa ce sana'ata. Ina cikin babbar ƙungiyar makaɗa ta nan birni, ina busa sarewar azurfa. Mukan sa baƙaƙen kaya mu zauna a jere, takarda a gabanmu, muna jiran mai sanda ya nuna mu. Ina son aikin, ba zan yi ƙarya ba. Amma ba wanda ya taɓa miƙewa ya taka rawa don na busa.

Na sako sabon kaset a ciki. Don Allah, in ba takura, ka busa min taken gaba ɗaya.

Jikarka,
Dervla

Cornabrack, Leitrim, Nuwamba

Dervla 'yar Colm,

Wasiƙarki ta iso, mun gode Allah da kuna lafiya. Mu ma kalau. Philomena tana fama da gwiwa, ni kuma ɗan tarin nan na sanyi, wanda duk wanda ya nemi abinci a ramin kwal yake da irinsa. Saniya ta haihu. Dankali bai yi laifi ba bana.

Na tuna ki sarai. Wandon ma yana nan, da tambarinki a jiki.

To wai ke sarewar azurfa kike busawa? Tafireta ke nan! Haka muke kiranta a nan, saboda maɓallan nan nata masu ƙwas-ƙwas sai ka ce ofishin lauya. Tawa ta baƙin itace ce, ramuka shida, gadon babana, kuma ba ta buɗe baki sai na tsoma ta a durom ɗin ruwan sama ta sha ta ƙoshi. Taki me take sha? Man keke?

Duk da haka na yi miki. Na aro rakoda wurin Fintan maƙwabcinmu, muka kora kare waje, Philomena ta tsayar da agogon bango don kada ya sa mana baki. Sai da na yi ta maimaitawa kafin na samu wanda ya kai ƙarshe. Rakodar ce ba ta da haƙuri, ba ni ba.

Sharaɗina ɗaya. Kada ki rubuta shi a takarda da ɗige-ɗigen nan naku masu kama da kashin ƙuda. Babana bai san su ba. Take ta kunne yake shiga, ya sauka ƙafa, sannan ya hau yatsu. In kin ga ƙafarki ba ta motsi, ki ajiye sarewar ki je ki sha shayi.

Hughie shaƙiyyi, Allah ya ji ƙansa. Ai rabi na biyun shi ne taken. Ya ɗauki murfi ya bar mana tukunya.

Naki,
Malachy

Manchester, Janairu 1984

Kaka,

Barka da sabuwar shekara. Yaya gwiwar Kaka Philomena, yaya tarin? Ka riƙa shan zuma da ruwan ɗumi. Babana yana gaishe ku, ya ce ashe har yanzu bakinka bai mutu ba.

Kai, Kaka! Ban san ta inda zan fara ba. Ranar da kaset ɗin ya zo na sa shi ina tsaye da kwat a jikina, ban cire ba har ya ƙare, na juyo da shi, na sake. Madarar da na ɗora ta ƙone ƙurmus. Ina jin busa tun ina ƙarama, na zauna kusa da gwanaye, amma ban taɓa jin wanda yake dukan take da numfashi kamar mai faskare ba sai kai.

Na bi sharaɗinka, ban taɓa biro ba. Amma na sha wuya. Kai yatsanka yana zamewa a kan rami sannu a hankali, sautin ya lanƙwasa. Ni maɓallina ko a buɗe ko a rufe, bai san tsaka-tsaki ba. Sai na koyi taɓa shi kamar mai gwada tukunya mai zafi, na ɗan juyo kan sarewar wajen leɓena don muryarta ta yi kauri, na kuma daina karkarwar muryar nan da malamaina suka shekara suna dasa min. Da sun ji ni da sun suma. Maƙwabciyata ta ƙasa ta hawo ta ce, "'Yar nan, busar ba ta dame ni ba, amma wannan dukan ƙafar zai zubo min da silin." Ka ga ƙafa ta motsa ke nan.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda kake yanka taken. A makaranta an koya mana mu ɓoye numfashi kamar abin kunya. Kai kuwa sai ka yi 'yar tafiya kaɗan, ka tsaya cak, ka ja iska kowa yana ji, ka sake faɗawa. Rabi na biyun nan duk gunduwa-gunduwa ne, kuma duk tsayawar sai gabana ya faɗi. Ban bar ko ɗaya ba. Inda ka ja, nan nake ja.

Ranar Lahadi da rana na busa shi a kulob ɗin mutanenmu na nan. Da na fito da azurfar wani mai goge ya yi tsaki, amma kafin na kai tsakiya ya ɗauki gogensa ya biyo ni. Da na gama wani dattijo mutumin wajenku ya ajiye kofinsa ya ce, "'Yata, wanda ya ba ki wannan a ƙarƙashin ƙasa ya yi aiki, ko?" Na ce ƙwarai, yaya aka yi ka sani? Ya ce, "Ana ji." Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in gaishe ka da kyau. Ka gani? Har Manchester an san salon mutanen rami!

Ga nawa kaset ɗin. Ka faɗa min gaskiya, ko da ɗaci.

Dervla

Manchester, Maris

Kaka,

Ina fata lafiya. Shiru na ji. Ko kaset ɗin bai iso ba ne? Ko Fintan ya hana aron rakodar? In aikin gona ne ya sha kanka, layi biyu ma sun ishe ni. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Dervla

Cornabrack, Afrilu

Dervla,

Muna nan. Kaset ya iso, na ji. Kada ki sake busa shi haka a gaban mutane.

Malachy

Manchester, Afrilu

Kaka Malachy,

Na gode Allah da kuna nan. Ni ma ina nan, in ka damu ka sani.

Ni na ce ka faɗi gaskiya, don haka ba ni da bakin ƙorafi. Amma ta yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Na gane abin da kake nufi. Tun farko ka faɗa cikin wasa, ni ce ban ɗauka ba: taken Thady ba na tafireta ba ne. Na je na aro sarewar itace wurin wani mutumin garin Sligo na can wajenku. Yatsuna ba sa rufe ramukan, abin da ke fitowa sai ka ce iska a ƙarƙashin ƙofa. Zan ci gaba da gwadawa, ko da zan shekara goma.

Sai dai bari in faɗi ɗaya, ka yi haƙuri in na yi rashin kunya. Wannan azurfar da kuke yi wa dariya, da ita na koyi numfashi. Ita ce muryata, ba ni da wata. Da na busa taken babanka da ita, ranar ce na fara jin ni ma 'yar wani wuri ce. In laifi ne, na daina. Ba zan sake busa shi ba sai ka ce.

Dervla

Cornabrack, Mayu

Haba 'yar nan, haba!

Wa ya ce miki azurfar ce? Ki mayar wa mutumin Sligo itacensa tun bai fara cajin ki haya ba. Philomena ta karanta wasiƙarki ta ce, "Ka ga abin da ƙarancin maganarka ya jawo ko? Mutum sai ka ce ana sayar masa da tawada da cokali." To yau zan zubar da tawadar.

Lafiya dai ga ta nan. Gwiwarta da sauƙi. Nawa kuma shi ne zancen.

Ranar da muka sa kaset ɗinki Philomena tana kwaɓa burodi. Da kika sauka kan sautin ƙasan nan, na rantse kofunan da ke kan kanta sai da suka amsa. Na ce a raina, ashe tafireta tana da ciki haka? Murɗe-murɗen yatsun nan da na ɗauka ba za su yiwu a kan maɓalli ba, kin fitar da su tsaf, har kin ƙara wani ɗan juyi da ni ban taɓa tunaninsa ba. Na janye maganata, kuma ki adana takardar nan, don ba kullum nake janyewa ba.

Sai kika shiga rabi na biyu. Kika yi 'yar tafiya kika tsaya. Kika ja. Kika sake tsayawa. Philomena ta cire hannu daga ƙullu ta ce, "Malachy, wannan ai kai ne kake hawa tudun coci."

Dervla, ba salo ba ne. Ƙirjina kika busa. Ke da kike da huhu kamar na doki, kin zauna kin kwaikwayi shaƙewar tsoho tiryan-tiryan, har da ɗan kukan nan da ke biyo iskar. Mutum ba ya jin kansa. Na daɗe ina cewa sanyi ne, kowa yana taya ni cewa sanyi ne. Sai da na ji shi daga bakin yarinya mai lafiya na san inda na kai. Dattijon ku na kulob ba yabo ya yi ba, jaje ya yi miki.

Shirun da kika ji, ina asibiti ne. Likita ya ɗaga hoton ƙirjina a fitila ya ce ƙurar rami ce, ta zauna daram, ba inda za ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi na faɗa miki. Kada ki yi kuka a kan takarda, tawadar ba ta da kyau.

Ba mutuwa ce ta hana ni barci ba, kowa da ranarsa. Abin da ya hana ni shi ne wannan: babana ba haka yake busa taken ba. Rabi na biyun nan daga sama yake ɗauko shi ya gangaro da shi har ƙasa bai ja iska ba, kamar ruwa daga kan dutse. Masu rawa har ihu suke yi. Ni kaɗai na rage da na ji shi. Yanzu ke ce mai riƙe da shi, kuma abin da na ba ki fasasshe ne. In na tafi a haka, duk wanda ya koya a wurinki zai ɗauka Thady Guckian mai haki ne. Mutumin da yake hawa dutsen nan da buhun hatsi a kafaɗa yana fito!

Ba zan iya busa miki daidai ba. Yau ko rabin farko ba na kaiwa. A takarda kuma ban san yadda zan nuna ba. Zumunta a ƙafa take. Ki zo lokacin yankan ciyawa, ki zo da tafiretarki, za mu san dabara.

Kakanki,
Malachy

Manchester, Agusta

Kakana,

Na iso lafiya. Jirgin ruwan ya yi ta wasa da cikina, amma burodin Kaka Philomena ya tsaya min. Yaya ƙirjin? Ka riƙa shan maganin a kan lokaci, ba sai ta ɗaga murya ba. Ka gaida Fintan, ka ce masa na yafe. Har yanzu in na tuna shi tsaye da kwalbar giya a kan bakin sarewata yana cewa, "Bari a jiƙa mata maƙogwaro, ta sha hanya," sai na ɗauko ta in sake dubawa. Da ban yi ihu ba da ya gama da fatun maɓallan nan gaba ɗaya. Shi kuma har ransa alheri yake yi!

Akwai abin da na kasa faɗa a bakin ƙofa, saboda kana ta zancen motar za ta tafi ta bar ni.

Ranar farko da ka ce in zauna a benci kusa da kai, ka ɗora tafin hannunka a tsakiyar bayana ka ce, "Muddin hannun nan yana nan, ba ki da izinin numfashi," na ɗauka wasa ne. Ni da nake taƙama da huhu! Muka hau rabi na biyu, na zo inda na saba tsayawa, hannun bai ɗaga ba. Na wuce, bai ɗaga ba. Idona ya fara ganin taurari da rana tsaka, kai kuwa kana cewa, "Tafi, tafi, raguwar birni, ai babana yana yin wannan da lofe a aljihu yana jiransa." Na fashe da dariya, taken ya watse. Muka sake. Muka yi ta sakewa har ciyawar Fintan ta kusa shan ruwa don ba mai taya shi.

Amma ranar Lahadin nan, da aka janye tebur aka jingine kujeru, maƙwabta suka cika kicin, na gane abin da kake nufi. Da na ɗauko rabi na biyun daga sama ban tsaya ba, sai na ji daɓen yana amsawa. Takalma suka haɗu wuri ɗaya, wata tsohuwa ta yi ihu, Kaka Philomena ta manta da gwiwa. Hannunka yana bayana yana bin kiɗan. Ban taɓa sanin Thady ba, amma ranar na ji girmansa. Na kuma ji naka, mutumin da ya riƙe abu irin wannan a kai shekara da shekaru, ya ƙi yarda a binne shi a karye.

Yanzu ga inda za mu yi faɗa. Na gyara taken yadda ka ce, duk tsayawar nan na share su. Amma zan bar guda ɗaya. Ta hannunka taken ya biyo kafin ya zo wurina, kuma ban yarda a goge ka kamar ba ka taɓa zama a cikinsa ba. Na zaɓi ta tsakiyar gangaren, inda ka fi jan iska. Ka yi ta faɗa, teku ce tsakaninmu.

Jikarka mai taurin kai,
Dervla

Cornabrack, Satumba

Dervla,

Mun ji daɗi da kin isa lafiya. Ciyawa ta shiga rumbu. Fintan ya ce har yanzu yana ganin sarewar nan ƙishi take ji. Ƙirji yana nan yadda kika bar shi, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Sarewar babana na shafe ta da mai na naɗe. Ba na jin haushi. Tun da na ji abin da na ji a kicin ɗin nan, kunnena ya ƙoshi.

Taurin kai kuwa ba daga ƙasa kika tsince shi ba, don haka ba zan ɓata tawada ba. Amma ta tsakiyar gangaren ban yarda ba. Wannan ta kwal ce, kuma kwal ya ci rabonsa a jikina, ba zai ci a taken ba.

In dole sai kin bar ɗaya, ki bar ta ƙarshe, 'yar ƙaramar nan gab da a koma farkon take. Na san kin lura ranar Lahadi na ɗaga hannu a wurin, kika ɗauka ta Thady ce. Ba tasa ba ce. Ya sha dungure min kai a kanta, yana cewa, "Me kake nema a nan, ɗan nema? Wa ya ce ka tsaya?" Lokacin ina da iskar da zan hura wuta daga ƙofar gida.

In ana rawar nan a kicin, daidai wurin ne mata suke zagayowa ta gaban kujerar mai busa. Akwai wata 'yar gidan Cullivan mai jan gashi da takan wuce a nan, ba ta ko kallona. Duk sanda ta zo sai iskar ta ɗauke min. Daga baya na aure ta, amma tsayawar ba ta tafi ba.

Ba ta sani ba. Shekara arba'in da wani abu tana rawa a kan wurin nan, tana ɗauka haka taken yake. Ita take kai min wasiƙu gidan waya, kuma na san tana ɗaga su a hasken taga. Wannan da ƙafata zan kai ta, ko zan zauna a kan kowane dutse da ke hanya.

Ta ƙarshen nan, ita za ki bari a cikin taken.

Kakanki,
Malachy